Kwamfutata ta sha turaren wuta

Jama'a, yau kakata ta shigo jami'a!

Yau ne zan nuna manhajar lissafin kuɗi da na haɗa a ajin koyon kwamfuta. Ina buɗe jaka, ba kwamfuta! Na baro ta gida. Har na fara hawaye, sai ga Kaka a ƙofar aji, rungume da ita cikin sabon zane. Ina kunna kwamfutar, ƙamshin turaren wuta ya cika ajin!

Malam ya ce, "Wa aka yi wa aure?"

Na ce, "Kaka, turara ta kika yi?"

Ta ce, "Yaushe 'yar gidanmu ta taɓa fita gaban mutane ba turare? Ita ma tamu ce, kullum tana cinyarki."

Malam ya miƙe ya ba ta kujerarsa. A gabanta na yi bayanin.