Sahadatou da 'Yar da ke Jinena

A ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Lyon, kowa ya san Sahadatou da sauri. Kafin Sandrine, abokiyar aikinta, ta cire rigar sanyi, ita ta jera kwalabe, ta gama gwajin farko, ta fara na biyu. 'Yar Abeshe ce a gabashin Chadi, ubanta Badamagare mai fataucin goro. Karatu ya kawo ta Faransa a 2002, tare da mijinta Alasan, wanda ya samu aikin tuƙa motar kai kaya. Ta gama karatu, ta samu aiki, ta samu gida mai ɗaki uku a Vénissieux, duk a kan lokacin da ta tsara wa kanta. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga tsarin: 'yarta ta fari tana Sudan.

Da aka yaye yarinyar, aka miƙa ta ga uwar miji, kamar yadda aka miƙa Sahadatou ita ma tana ƙarama. Hajiya Fatsima tana zaune a Jinena, a hayin iyaka, tana matsar man gyaɗa. A lokacin ba wanda ya ɗauki Jinena wata ƙasa. Kamyo, babbar motar kaya, ya tashi Abeshe da safe, ya ratsa Adre, ya tsallake kwarin yashi, shi ke nan an iso. Sai aka fara yaƙi a Darfur. Sai gwamnatocin biyu suka shiga kiwon 'yan tawayen juna, kowace tana ba maƙiyan maƙwabciyarta motoci da bindigogi, tana kuma rantsuwa ba ita ba ce.

Sahadatou ba ta iya tambaya. 'Yar fari ce, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ta damu da ita gaban surukai. Idan ta buga tarho ranar Juma'a, za ta gaida Hajiya, ta tambayi ciwon gwiwa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi awaki, can a ƙarshe ta ce, "Ya mutanen gida?" Tsohuwar ta ce, "Kowa lafiya lau." Daga nan katin waya ya ƙare.

Sai ta koma sauraron rediyo tamkar mai jiran sakamakon gwaji. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Tarabulus, ta sayi ƙaramin gado. Bayan wata biyu 'yan tawaye suka shiga Njamena, aka rufe ofisoshin jakadanci. Aka sake sa hannu a Saudiyya, aka nuna manya a tele suna rungumar juna, suna kiran juna ɗan'uwa. Ta sayi labule mai furanni. Farkon 2008 jiragen Chadi suka yi ruwan wuta a kudu da Jinena.

"Kira Inna ka ce ta ba mu yarinyar," ta ce wa Alasan.

"In ce wa Inna me? Ta kasa riƙo?"

"Ka ce bom ake jefawa!"

"Ba cikin gari ba ne. Kuma ai za su shirya. Ana taron ƙasashen Musulmi a Dakar."

"Za su shirya! Sau nawa suka shirya? Kai ma ka zama irinsu, baki kawai."

Alasan ya ɗauki makullin mota ya fita. Mutumin kirki ne, amma gara masa ya ɗauki firiji zuwa hawa na tara da ya ɗaga wa uwarsa murya. A Dakar aka sa hannu. A watan Mayu 'yan tawayen Darfur suka kai har Omdurman, Sudan ta ce Chadi ce ta turo su, ta yanke hulɗa, Chadi ta rufe iyaka.

Asabar ta gaba Sahadatou ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta shiga metro har Montreuil. A can akwai Alhaji Yakubu, ɗan kasuwa mutumin Abeshe, wanda kamyonsa ke bin hanyar Adre tun kafin a haife ta. Ta same shi a bayan shagonsa na shadda da turare, da abokansa zagaye da tele, ana shayi ana gardama kan wace ƙasa ce ta fi gaskiya.

"A'a, likitar Lyon! Kin zo ki ɗebi jininmu?"

"Baba Alhaji, jinin naku duk sukari ne, ba na so. Mota nake nema."

Ta faɗa masa komai a tsaye. Ya saurara, ya ajiye kofi.

"'Yata, iyaka a rufe take ga mai tambari da tuta. Jakuna ba su ji sanarwa ba, suna wucewa kullum. Ɗauko yarinya ba wuya. Amma Hajiya ta bayar?"

"Ban tambaye ta ba."

"To kin gani. Ni ban satar jika daga ɗakin kaka. Ki samo min kalma ɗaya daga bakinta."

Wani daga cikin masu shayin ya ce ta yi haƙuri, ya ji Libiya ta shiga tsakani. Sahadatou ta juya kansa.

"Malam, 'ya'yanka nawa a ƙarƙashin jirgin yaƙi? Waɗannan mutane salla ɗaya suke yi, alƙibla ɗaya. Su ci rago a otel, su karanta Fatiha, su koma gida su cika jirgi da mai. Nasu 'ya'yan suna nan Paris, ina ganinsu a Champs-Élysées suna shan glas mai sanyi. Tawa ce a can!"

Ta koma Lyon da fushinta, amma ba ta samo kalmar ba. Duk Juma'a ta ɗauki tarho da niyya, duk Juma'a ta tsaya a kan awaki. Matar da ke iya yi wa shugaban sashe tsawa da Faransanci idan an kawo mata kwalba babu suna, harshenta ya ƙi juyawa gaban tsohuwa mai matsar gyaɗa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Shekara guda ta ƙara tafiya a haka.

A Mayun 2009 aka sa hannu a Doha. Tawadar ba ta bushe ba aka gwabza a gabashin Chadi, jirage suka sake tsallaka iyaka. Sahadatou tana cikin farar riga lokacin da ta ji. Ta ce wa Sandrine ta riƙe mata aiki, ta fita wajen ajiye motoci, ta buga. Ranar ba Juma'a ba ce.

"Inna, ina wuni. Ba awaki na kira tambaya ba. Zakiyya nake so. Ki ba ni Zakiyya."

Sai ta ji tsohuwar tana kuka.

"Sai yau? Ke 'yar nan, sai yau? Tun jirgin farko nake jiran ɗayanku ya buɗe baki. Ni zan ce ku zo ku ɗauki 'yarku? A ce na gaji da jikata, na mayar? Kullum ki tambaye ni awaki. Na ɗauka kun samu wasu 'ya'yan a zuciya, kun manta da wannan."



"Akwai abin da ban faɗa muku ba," in ji Hajiya. "Bara mun je ƙauye sayen gyaɗa, abin ya faɗo kusa da kasuwa. Ba ta ji rauni ba. Amma kunnen hagu, tun ranar ba ya ji."

Cikin mako guda Sahadatou ta karɓi hutu, ta kira Alhaji Yakubu, ta sauka Njamena, ta bi kamyonsa zuwa Adre. Hajiya Fatsima ba ta yarda a aiko kowa ba. Ita da kanta ta hau amalanken jaki ranar kasuwa, ta zaunar da yarinyar tsakanin jarkokin mai, ta ratsa kwarin gaban sojojin ƙasashen biyu. Ba wanda ya ce mata kanzil. Yarinya doguwa, 'yar shekara tara, ta sauko tana riƙe da gefen zanen kakarta, tana kallon baƙuwar da ke kuka. Sahadatou ta yi mata magana ta hagu, ba ta waiwayo ba. Sai Hajiya ta kama kafaɗarta ta juya ta. Sahadatou ta roƙi tsohuwar ta zauna a Abeshe, Hajiya ta ce gyaɗarta na jiƙe, ta koma kafin la'asar.

Takardun shigo da Zakiyya Faransa sun ci watanni. Ta iso Lyon ana gab da buɗe iyakar, bayan yarjejeniyar da ta ɗore a ƙarshe, a 2010. Likitan kunne ya duba ta, ya ce da an kawo ta da wuri, da wataƙila an ceci wani abu. Sahadatou ta fito daga wurinsa ba ta yi wa Alasan magana ba har kwana uku. Rana ta huɗu ta ce masa, "Su suka jefa, amma mu muka yi shiru. Ban yafe musu ba, mu ma ban gama da mu ba."

Zakiyya ta girma, ta koyi Faransanci a kujerar gaba, kunnen dama wajen malama. Sahadatou tana nan a ɗakin gwaji, da saurinta. Idan aka yi suna a Lyon ko La Courneuve, mata suka fara zolayar amaryar jego cewa za a kai jariri gida wajen kaka, takan ajiye faranti ta matso kusa, ta tambayi wane gari, kusa da wace iyaka, wa ke rigima da wa a can. Wasu na cewa ba ta da kunya. Takan ce eh, ta ajiye ta a wajen ajiye motoci na asibiti, duk mai so ya je ya ɗauka.