Kawu Sale Mai Ɗanɗana Ruwan Lagireto

Duk wanda ya taɓa barin mota ta kwana a garejin Kawu Sale, nan bayan tashar Birnin Gwari, ya san da safe ba a fara gaisawa da shi. Kana cewa "Kawu, ina kwana," shi ya riga ya ɗaga bonet, ya kwance murfin lagireto, ya tsoma yatsa ya kai baki. Sai ya lumshe ido yana juya ruwan a harshe kamar an ba shi ɗanɗanon girkin amarya. In ya tofar ya ce "Uhm," ka tsira. In kuwa ya tofar ya tsaya yana kallonka, nemi benci ka zauna, yau za ka ji tarihin gidanku.

Kun tuna ranar da Ado direban Randagi ya zo? Lagiretonsa ya huje a hanya, 'yan tasha suka ba shi dabarar nan tasu, ya zuba garin kuka a ciki don ya toshe hujin. Kawu ya tsoma yatsa, ya ɗago, abu ya biyo shi yana yauƙi. Ya lasa. Sai ya juya wajen zaure ya ɗaga murya yana kiran matarsa.

"Dije! Kawo tuwo, ga miya ta iso da ƙafarta!"

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, don haka na fi kowa shan bakinsa. Ni Garba, kun san ni, ba wani boko na yi mai zurfi ba, kuma ba na iya kwana-kwana. Gonata ta Kakangi 'yan daji suka raba ni da ita, har da shanun noma. Abin da ya rage mini a duniya tsohuwar akori-kurar nan ce. Ita ke kawo hatsi gidana, ita ke sa yarana su kwana da abu a ciki. Duk ranar da injinta ya mutu, babu wanda zai ba ni wani, ni ma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Kawu ya san haka, shi ya sa ya ɗauki motar tamkar tasa, ni kuma kamar wani ɓarawo da aka kama a kujerar direba. Ranar gaisuwar mutuwarsa na ga wasunku suna share hawaye, alhali ku ne kuke zagaye garejinsa ku tafi wurin masu saurin aiki. Na gan ku. Ba komai.

Karatunsa ɗaya ne, kuma duk mun haddace shi dole. Wai inji wuta ce aka ɗaure a cikin ƙarfe, wanda ya ƙera shi kuma ba mahaukaci ba ne, ya bar wa ruwa hanyoyi sirara kamar jijiya su zagaya wutar. Ruwan rijiya yana da zartsi, yana daskarewa ya toshe hanyoyin. Saboda haka lagireto ba ya shan komai sai ruwan sama. Ruwan saman ma ba na farko ba, wai wannan wankin kwanon rufi ne. Daga na biyu sai ka ga dattijo da furfura yana gudu a tsakar gida da bokiti, yana cika durorinsa, kowanne da murfi da kwaɗo. Mutumin da takalminsa ɗaya ne tun ina yaro, ya ɗinke shi da waya har wayar ta fi fatar yawa, amma ya sayi kwaɗo don ruwa!

Wata bazara rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Matarsa, Inna Dije, ta gaji.

"Malam, ga ruwa jibge a gida, mu kuma muna bin 'yan garuwa?"

"Wannan ba na mutane ba ne."

"Au, mu ba mu kai mota daraja ba ke nan?"

"Ke in kin sha na rijiya, anjima kin zagaya bayi kin fitar. Shi lagireto ta ina zai yi fitsari?"

Ita kuwa Inna ta san inda yake ɓoye makulli. A bazarar nan ta kira ni, ta cika mini jarka daga duron Kawu, ta ce in zuba wa motata in kawo masa ya ɗanɗana, ita tana so ta ga iyakar harshen nan. Na yi yadda ta ce. Da safe ya tsoma yatsa, ya lumshe ido, ya tofar har da kakari.

"Tir! Garba, ba ka da tausayi? Wannan ai ruwan kududdufin Kutemeshi ne, inda shanu ke tsayawa!"

Sai ga muryar Inna daga cikin zaure, a sanyaye: "Malam, daga duronka na ɗebo masa. Na kusa da turken akuya."

Jama'a, ban taɓa ganin Kawu ya rasa bakin magana ba sai ran nan. Ya sake tsoma yatsa. Ya daɗe yana tauna.

"A jarkar wa aka zuba?"

Na ce tawa.

"Shi ke nan. Jarkarka ce ta taɓa zuwa Kutemeshi."

Wallahi jarkar nan ko ƙofar gari ba ta taɓa fita ba.

Na masallaci kuwa, wannan har Liman yana bayar da shi. An sayo ƙaramin janareta don lasifika, sai 'yan kwamiti suka gina masa ɗan ɗaki, ba taga ba kafa, wai saboda ɓarayi da ƙara. Ranar Juma'a, rana ta take, Liman yana tsakiyar huɗuba, sai Kawu ya miƙe daga sahun gaba. Ya dinga tsallake mutane yana karkata kunne kamar mai jin kukan jariri. Can sai lasifika ta ɗauke, ɗif! Liman ya ci gaba da bakinsa, na baya ba sa jin komai. Da aka sallame muka fito, ga janareta a gindin darbejiya, Kawu ya kinkimo shi shi kaɗai ya ajiye, ya koma ya bi salla a sahun ƙarshe.

Liman ya ce, "Malam Sale, ka san hukuncin mai tashi ana huɗuba?"

"Allah gafarta Malam, na sani. Amma wannan ba irin mai shan ruwa ba ne, iska yake sha. Dubi haƙarƙarin nan da aka yi masa a jiki, don iska ta ratsa ne. Kun kulle shi a ɗaki yana shaƙar zafin kansa. Kai da kake huɗubar, ba fanka ce a kanka ba?"

Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Washegari tun kafin kwamiti su zauna, Kawu ya je da guduma ya fasa wa ɗakin tagogi. Bai tambayi kowa ba. Har yau suna nan, a karkace.

To, bazarar da ta wuce aka kira shi wani ƙauye bayan Randagi ya duba injin niƙa. Can ciwo ya kayar da shi. Da saƙo ya iso, na ɗauki Inna Dije muka tafi da akori-kura. Muka same shi a kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Muka shimfiɗa masa tabarma a baya, Inna ta ɗora kansa a cinyarta, na juyo da mu gari, asibiti.

Kun san hanyar. Yashi ne, ƙaramar giya kawai take ɗauka, ga rana kamar a gasa mutum. Kun kuma san abin da kowa ya sani: ba a tsayawa a dajin nan saboda 'yan daji. Ko fitsari ya matse ka, riƙe shi. Muna tsakiyar inda bishiyoyi suka haɗe, sai na ga allurar zafi ta haye, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Na tsaya a inuwar wata ɗorawa, na fizgo jarkar ruwa. Niyyata in kwarara masa in tayar mu wuce, in ya so injin ya mutu a ƙofar asibiti.

Sai na ji murya daga baya, siririya, amma tasa ce.

"Garba. Ajiye jarkar nan."

"Kawu, ka san inda muke kuwa?"

"Na fi ka sani. Ka zuba ruwan sanyi a kan ƙarfe mai wuta, kan injin ya tsage. In ya tsage, ka tashi daga direba."

"Ya tsage mana! Kai nake so in kai asibiti!"

Inna tana kuka tana cewa, "Malam, don girman Allah ka bar yaron nan ya yi abin da zai yi."

"Yaro? Ƙato da furfura a gemu? Ɗaga bonet ɗin, ka juya ka ba shi baya. In ka zuba ban yafe ba."

Na ɗaga bonet. Na zauna a kan saiwar ɗorawa, jarka tsakanin ƙafafuna, raina kamar ya fita. Daji tsit, sai ƙarar ƙarfe yana ɗan ƙas, ƙas. Can sai muka jiyo babur daga nesa, yana tahowa. Inna ta fara salati. Ni kuwa na ƙanƙame jarkar. Kawu ya ɗaga yatsa ɗaya, ya saurara.

"Ku kwantar da hankalinku. Ba su ba ne. Su baburansu sababbi ne. Wannan tari yake yi, na talaka ne."

Haka ne kuwa. Wani manomi ne Bagwari da buhun gawayi a baya. Ya tsaya ya yi mana sannu, ya ga mara lafiya, ya ce ba zai wuce ya bar mu ba. Kawu daga kwance ya ce masa ya canza man injinsa, wanda ke ciki ya ƙone. Mutumin ya ce to, Baba.

Na taso na tsaya a gefen motar. Kawu ya dube ni, ya kamo hannun rigata.

"Kai wawa ne, Garba, amma ɗan 'yar'uwata ne. Ni na riga na ji jikina. Asibiti ba zai ɗinke ni ba. In ka kashe motar nan saboda ni, wa zai ciyar da yaran? Ni daga kabari?"

Na juya na nufi gaban motar.

Sai da ya sa na ɗora tafin hannu a kan injin na iya barinsa a wurin, sannan ya yarda. Ya ce in tayar da shi tukuna, in zuba a hankali, kaɗan-kaɗan, kamar mai ba mara lafiya kunu. Muka fito daga dajin, Bagwarin nan yana bin mu a baya har bakin kwalta.

Kawu bai daɗe a asibiti ba Allah ya yi masa rasuwa. Likita ya ce ciwon ya riga ya ci jiki, tsayuwar da muka yi ba ta ƙara komai ba. Ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi, Allah ne ya sani. Abin da na sani, kan injin bai tsage ba. Jiya ma na yi lodin masara, na shiga gida da cefane, yara suka ci suka bar saura.

Ya Allah, ga Kawu Sale nan ya zo gare ka. Yana da taurin kai, ka fi mu sani, amma bai taɓa cutar kowa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa shi a inuwarka. Ka ba Inna Dije haƙuri, mu ma ka ba mu. Amin.