Zulaihatu da Faifan da Ya Ƙi Hutawa

Zulaihatu ta garin Isa mace ce da ba a rufe mata magana da "haka Allah ya so". Sai ta ce ta sani, amma a bari ta duba. Buga takardu ta koya a bakin tasha, daga nan ƙungiyar manoma da makiyaya ta damƙa mata kwamfutar da ke riƙe da sunayen magidanta, tun daga Kurawa har Unguwar Lalle.

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, sai wanda aka samu sunansa a kwamfutar nan ake ba hatsin agaji. To a lokacin ne faifan ajiyar bayanai na cikin kwamfutar, wanda ya riga ya tsufa, ya tsiro da sabon hali. Neman suna karatu ne kawai, amma sai ta ga yana ta rubutu, yana gurnani, yana zafi. Hankalinta ya tashi matuƙa, don in ya mutu rabo ya tsaya.

Ta kashe wannan, ta cire wancan, a banza. Sai ta daina taɓa komai, ta zauna tana kallon layin masu karɓar hatsi. In namiji ya faɗi sunansa, faifai shiru. Da mace ta matso, sai ya hau aiki. Ashe matan ba sa kama sunan miji. "Uban Bilki" za su ce, ko "mai gidan bakin rijiya". Irin wannan kuwa a gurbin ƙarin bayani aka zuba shi, inda babu fihirisa. Dole kwamfuta ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya, tana jibge abin da ta tara a kan faifai.

Wakili, shugaban ƙungiyar, mutum ne mai son gajeriyar hanya. Ya ce kowace ta faɗi suna ko ta koma gida. Wata tsohuwa daga Kurawa, Fatu, wadda mijinta ya yi kudu da shanu ya bar mata jikoki, ta naɗe buhunta.

"Ba ni hwaɗin sunanai," in ji ta. "Gida za ni."

Abin ya yi wa Zulaihatu ciwo. Ta ce, "Baba Wakili, ba su ad da gyara ba, injin na."

Ta buɗe wa sunan alkunya gurbinsa, ta yi masa fihirisa, tana cikawa tana fifita faifan da murfin kwano. Da ta gama ta hau mashin har Kurawa ta ɗauko tsohuwar.

"Inna, wa muka nema?"

"Uban Bilki."

Sunan ya fito nan take, faifai bai ko yi tari ba. Zulaihatu ta gan shi sarai, ba ta karanta shi a fili ba. Ta dai ce a auna wa Inna geronta.