Shekarar da Rumbunmu Ya Yi Sallama

Ni na saya wa Baba salula, kuma har gobe ina cizon yatsa. Ina koyarwa a lakwal a Tanut, shi yana ƙauyenmu kusa da Gangara, na ce mu riƙa gaisawa. Ashe fitina na ƙulle a leda na aika masa.

Baba bai yi boko ba, sai saƙon murya. Kullum da hantsi yana gindin aduwa, salula manne da kunne, wani da bai taɓa gani ba yana haki yana rantsuwa: fara ta taso daga arewa har ta rufe rana, bana ko ɗigon ruwa babu, an ga rijiya ta koma jini. Kowane saƙo ya ƙare da a tura wa mutum goma. Baba kuwa ba ya ƙetare umarni.

Da damina ta matso, mutanen gari suka fita binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, ruwan farko ya same shi a kwance. A yankinmu na Damargu damina ba ta jiran kowa. Baba ya jingine sungumin shuka a bayan ɗaki, ya ce shi ba zai noma wa fara abinci ba. Irin da ya zaɓa da hannunsa tun kaka yana nan ɗaure cikin rumbu, kuma gonar nan ɗaya ita ke ciyar da gidan.

Ruwa ya sauka, bai shuka ba. Inna ta yi magana, ya ce ta saurara yana jin labari. Inna ba ta da faɗa, amma in ta yi shiru a yi hattara. Yana tafiya masallaci ta ɗauke salular, ta nufi bayan gari inda rumbunanmu suke, ta cusa ta cikin damin iri.

Abin da ba ta sani ba, rumbun a kan tudu yake, duk garin babu inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya kai nan ƙarfi. Ƙarar salular kuma muryar wani ce mai cewa "Salamu alaikum", ni na sa masa, don ya ce kiɗa ba na dattijo ba ne. Ni kuwa hankalina ya tashi a Tanut, kwana biyu ina kira ba ƙaƙƙautawa. Rumbu ya yi ta sallama. Wani baƙo mai wucewa kasuwa ya amsa, ya waiga bai ga kowa ba, ya ɗauki muryar a tasa salular, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Da na gaji na hau mota na je gida. Ina ajiye jaka sai ga Baba da maƙwabcinmu sun dawo daga kasuwar Gangara, fuskokinsu kamar an yi rasuwa.

"Ke 'yar boko, zo ki ji," in ji Baba. "Yanzu har rumbuna sun fara magana."

Maƙwabci ya kunna saƙo a salularsa. Wani mai haki ya rantse cewa a Damargu rumbu ya buɗe baki ya ce za a yi yunwar shekara bakwai. Sai aka ji sallama can ƙasa ƙasa, sau uku. Na gane ta nan take, kunya da haushi suka kama ni. Na dubi Inna, tana ta tankaɗe abinta. Bayan sallama ta uku sai jaki ya yi kuka, kukan ya tsinke a tsakiya ya koma tari.

"Maimaita," in ji Baba.

Aka maimaita. Ya sa aka ƙara.

"Wannan jakina ne."

Duk Damargu jaki ɗaya ke tari a tsakiyar kuka, kuma a gindin rumbunmu ake ɗaure shi.

"To shekara bakwai ɗin fa, Malam?" in ji maƙwabci.

"Ni na gina rumbun nan," in ji Baba. "Ko sannu bai taɓa ce mini ba."

Inna ta karkaɗe hannu ta fita. Can sai ga ta da damin iri a ka, salula a hannu, caji ya ƙare. Ta dire su gabansa.

"Malam, ga iri, ga mai labari. Zaɓi wanda za ka sa a ƙasa."

Ya dube su. Sannan ya zaga bayan ɗaki ya ɗauko sungumi, ya ce in fara na tafe, ta same shi a gona. Yana sara, ni da Inna muna zuba iri muna takewa, gonakin mutane kewaye da mu duk sun yi kore. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don na san mun makara.

Fara ba ta zo ba. Ruwa ya ɗauke kafin hatsinmu ya gama cika ido, rumbun ko rabi bai kai ba. Ranar da muka zuba dami na ƙarshe Baba ya leƙa ciki, ya ce fara ba ta ci masa zangarniya ko ɗaya ba, shi ya cinye rabin gonarsa da kunne.

Har yanzu yana sauraron saƙonnin, in mai hakin ya gama sai ya tambaya jakin wa aka ji a ciki. Bana shi ya fara fita binne a garinmu.