Takobin da ɗan Jawa ya bar mana a Ka'akiyya

Jama'a, wallahi wannan abu a gabana ya faru, a Makka, cikin shekarun alif ɗari tara da sittin da wani abu. Ni da yayana Sani muka zo Hajji ta Sudan, muka maƙale ba takarda, muna zaune a unguwar Ka'akiyya muna wasa wa mahauta wuƙaƙe. Shi kaɗai gare ni a ƙasar nan.

Bayan an sauko daga Arfa, wani tsoho ɗan tsibirin Jawa ya zo rumfarmu da wani dogon abu naɗe a zani. Takobi ne na Japan, mai ɗan lanƙwasa, kaifi ɗaya. Da guntun Larabcinsa ya ce na wani sojan Japan ne da ya yanka mutanen ƙauyensu lokacin yaƙi, ya kawo shi ƙasa mai tsarki ko ya lafa. Ya ajiye ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Muka kira wani dillalin Jidda mai saya wa Turawa kayan da. Ya zare ƙotar ya nuna mana sunan maƙerin, ya ce takobin ya girmi kakan kakanmu, wannan zanen kamar igiyar ruwa a bakin kaifin shi masu tarawa suke hauka a kai. Yana cikin yabo ya ƙura wa ƙarfen ido, sai ya mayar da shi cikin kube, ya ce, "Halas, ya hajji, ba na so. Kada ku ɗora shi a dutsen wasa wuƙa."

To, Yaya Sani mutum ne da ba ya iya ganin tsatsa ya ƙyale, ga taurin kai kamar me. Na ce, "Yaya, don Allah bar shi." Ya ce, "Kai tafi can, ƙarfe ne fa." Da rana tsaka ya hau wasawa, ni kuwa na leƙa ta kafaɗarsa. Innalillahi! Cikin ƙyallin ƙarfen ba fuskarmu na gani ba, wani mutum na gani durƙushe, hannuwa a baya, ya miƙa wuya. Rigar Yaya ce a jikinsa.

Washegari na tarar da Yaya Sani haka, durƙushe ya miƙa wuya, a tsakar rumfa. Ba ya magana, in an ɗaga shi sai ya koma. Mun yi ruƙiyya, mun yi zamzam, asibiti kuwa wa zai kai marar takarda? Takobin na binne shi a bayan wani tsauni, bai hana komai ba. Ina kallon ɗan'uwana yana ƙarewa, na yi kuka har na gaji. Da ya rasu, masu wanka sun yi sun yi, wuyan ya ƙi miƙewa, haka aka sa shi a kabari.

Har yau ban san me ya same shi ba. Na dai san in na yi ruku'u sai na ji sanyi siriri a ƙeyata, na yi sauri na ɗago. Ku masu sha'awar tsofaffin makamai, ku tambayi wa aka kashe da su kafin ku kai gida.