Yadda Ake Zaɓen 'Yan Dako a Unguwarmu

A zamanin Jamus, lokacin ina yaro a Garwa, duk sanda jirgin ruwa ya sauke kaya a bakin Binuwai, sai a aiko daga bariki a ce kowace unguwa ta ba da 'yan dako. Su ke ɗaukar kayan a ka har Ngaundare, tafiyar kwanaki ta kan duwatsu. Mai unguwarmu yana da hanyarsa ta zaɓe. Yakan tara maza a ƙofar gidansa, kowa ya cire hula, fadawansa su bi suna shafa tsakiyar kai. Wanda aka ji gashinsa ya zube, fatar ta yi kanta saboda gammo, shi zai tafi. Hujjar ita ce ya saba. Wai in aka tura sabon hannu zai yar da kayan Bature a hanya, unguwa ta shiga uku.

Babana ya riga ya tafi sau biyu. A daminar da nake magana aka ce jirgi na tafe, kowa a gidanmu ya san abin da ke biye.

Babana shi ne ɗan farin kakata, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana so ya ci abinci, mu take gaya wa: "Ku ce da wancan tuwo na hucewa." Alhali yana zaune taku uku daga gare ta. Bayan magariba takan hura wuta a bakin ɗakinta, hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu kewaye ta. Ran nan ta kasa zama. Ta gyara itace, ta tashi, ta koma, ta sake gyara itacen da ba abin da ya same shi. Babana yana gefe a kan buzu, yana ɗinke takalminsa na tafiya.

"Maigidana, matso," ta ce da ni, don haka take tsokanata. "Mijin da bai taɓa kawo cefane ba, ai ko tatsuniya ya saurara. Ga wata nan ta zo muku."

Wai akwai wani gari da gonakinsa ke hayin kogi. Kowace safiya sai mutum ɗaya ya shiga ruwa ya kai igiya ɗaya gaɓar ya ɗaure, sannan jama'a su bi ta su haye. Ran farko wani masaƙi ne ya shiga. Kashegari aka duba, aka ga rigarsa ba ta bushe ba, sai aka ce, to, me ya sa za a jiƙa wata rigar? Ya sake shiga. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Rigar ba ta taɓa bushewa ba, saƙarsa ta mutu, tari ya kama shi. Wata safiya ana tsakiyar shuka ya shiga bai fito ba. Mutanen gari suka tsaya a gaɓa da rigunansu busassu, babu ko ɗaya da ya san inda zurfi yake. A shekarar ciyawa ce ta ci gonakin.

Yayata Hajara ta ce, "Kaka, daga nan fa?"

"Daga nan yunwa. Ku kwashe tabarmi."

"Me ya hana su yin bi da bi?"

"Wa ya tashi ya faɗa? Duk garin bakinsu na cin tuwo kawai." Wutar take kallo, amma ta ɗaga murya fiye da yadda yara uku ke bukata. Can ta ƙara da cewa, a hankali, "Ni kam da ina garin, da na tambayi abin da ya hana a sassaƙa kwalekwale."

Babana ya ajiye basilla. Da safe ya tafi ƙofar mai unguwa, ya tsuguna gaban dattawa ya ce a daina shafa kai, a bi gida-gida, kowane gida ya ba da mutum in layi ya zo kansa, har gidajen fatake masu rumfa a kasuwa. An yi kwana biyu ana gardama. Wani malami ya goyi bayansa, aka amince. Sai mai unguwa ya ce tunda shawararsa ce, daga gidansa za a fara. Ya tafi karo na uku, ya dawo da wuyan da ba ya juyawa sai ya juya jiki duka. Duk da haka yana murna, yana cewa zai daɗe kafin layi ya sake zagayowa.

Bai daɗe ba. Da layi ya kai gidajen masu hali, sai suka nemi izinin tura wani a madadin 'ya'yansu, aka ba su, don babu wanda ya hana hakan lokacin da ake tsara dokar. Tafiye-tafiye uku sun riga sun kashe wa babana sana'ar dukanci, rumbu kuma babu komai. Wani falke ya aiko da buhunan dawa. Babana ya tafi karo na huɗu a madadin ɗan mutumin, aka binne shi a gefen hanya kafin a kai Ngaundare. Daga ranar kakata ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba.

Bayan shekaru da yawa, aiki ya sa ina karanta wa jama'a sababbin dokoki da Hausa: na haraji, na gona, na makaranta, har da wadda ta soke aikin tilas. Da yawa daga cikinsu gyara ne na gaskiya, kuma ina tare da masu neman sa. Amma kafin in karanta kowace, nakan nemi sakin layin da ya bar wa mai hali ƙofar fita, kuma sau da yawa ina samunsa. Har yau ban yanke hukunci ba ko kakata ta taimaki ɗanta ko ta tura shi. Na dai san cewa a ranar da aka kawo labarin mutuwarsa ne na fara jin ta kira sunansa.