Farantin da Ya Narke a Gaban Suruki

Ana sallame asuba muka bar Gusau mu uku, da buhun farantai a bayan mota. Sana'armu ke nan: muna dafa sitacin rogo mu yi faranti mai kama da roba, wanda in an yar yake ruɓewa. Sitaci zalla ba shi da ƙarfi, sai an cuɗa shi da zaren rama. Iri biyu muka ɗauko don nuna wa manoma bambanci: farare sumul marasa rama, da masu rama, baƙi-baƙi masu gashi, ba kyan gani.

Hanyar Tsafe shingen bincike ya fi ramuka yawa. A Kucheri muka ci waina muka sayi rama, ita ma ta yi tsada kamar komai. Muka juyo ta Gusau, muka miƙe Bungudu, sai Karakkai, gidan wani manomi da zai tara mana jama'a.

Ashe ranar surukinsa ya zo, dattijo mai farar babbar riga. Mai gida ko ido ba ya iya ɗagawa a gabansa. Don ya girmama kayanmu da baƙonsa gaba ɗaya, ya tura buhun cikin gida a zubo abinci. Matan kuwa suka zaɓi masu kyau.

Na ga tuwo da miyar kuka na tururi a farin faranti. Na san abin da zai faru. Amma ta yaya baƙo zai ce a janye abinci daga gaban surukin mutum? Na yi gum. Dattijo na ɗagawa gindin farantin ya zube, miya ta wanke rigar har ƙafa. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi.

Aka shiga da shi ya sake kaya, taro ya watse. Mai gida ya rako mu mota, kansa a ƙasa, ya ce, "Malam, ku yi haƙuri. Miyag ga ce ta cika zahi, laihinmu na."

Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Da la'asar muka shigo Gusau. Na dawo da sanin cewa shirun da na ɗauka ladabi ne, wani ne ya biya shi da mutuncinsa, kuma har ya ba ni haƙuri.